Imel Ɗin Shago

Litinin, 15 ga Satumba, ƙarfe 7:40 na safe

Na buɗe shago, na share, na goge allon ƙofa na rubuta shawarar wannan mako: "In kana rubutu a kwamfuta, ka riƙa danna Ctrl da S duk bayan minti biyar, kada wuta ta ɗauke ta tafi da aikinka." Shekara shida ke nan kowace Litinin sai na rubuta ma mutanen Kankia abu ɗaya a allon nan, kyauta. Har malaman sakandare kan tsayar da babur su karanta. Ni da karatuna ya tsaya a aji shida na sakandare, na fara da tsohuwar kwamfuta ɗaya a rumfar kwano, yau masu digiri ke zama a bencina suna jiran Injiniya Sharafaddeen ya gama da na gabansu. Ba wanda ya koya mani. Na rubuta wannan ne don in tuna ma kaina.

Imel ɗin shago ya ƙi buɗewa tun ranar Asabar. Ba wani abu ba ne.

Litinin, bayan Azahar

Na sa lambar sirri sau tara. Ya ce an canza ta kwana biyu da suka wuce. Na danna wurin masu mantuwa, ya ce zai tura saƙo ga layin da ya ƙare da 41. Nawa layin da 08 ya ƙare.

Na kashe kwamfutar na sake kunnawa. Shi nake ce ma kowa ya fara yi.

Talata, 16 ga Satumba, da hantsi

Halimatu Sa'adiya ta zo daga Mawashi, ɗiyar Yaya Zuliha. Ta kawo mani dafaffiyar gyaɗa a leda, tun daga ƙofa take dariya. Sunanta ya fito a makarantar koyon aikin jinya ta Katsina, wata ƙawarta ta gani a allon makarantar. Saura ta buɗe saƙon da suka turo ta danna ta karɓa, kafin Juma'a 3 ga Oktoba, sha biyun rana. Wanda bai karɓa ba a ba na bayanshi.

"Kawu, buɗe mu gani. Inna ta ce kada in dawo sai da takarda a hannu."

Na ce network ne ba kyau yau.

Ta leƙa sikirin ɗin ɗayar kwamfutar, inda wani malami ke kallon ƙwallo ba ko tsayawa. Ta juyo ta kalle ni. Yarinyar nan wata uku ta yi tana koyon kwamfuta a wurina, ta fi duk mazan ajin saurin hannu. Na ce ta koma gida, ni zan bugo takardar in aiko mata.

Ga yadda abin yake. Mutanen ƙauye kan kawo 'ya'yansu in cika masu fom, fom ya nemi imel, su kau ba su da shi. In na buɗe ma yaro nashi, bayan wata biyu ya manta lambar sirrin, uban ya zo yana yi mani faɗa a gaban mutane. Sai na ga sauƙi shi ne in riƙa sa na shago ga kowa. Taimako ne na yi. Bana yara goma sha huɗu ne a ciki, da hotunansu, da sakamakonsu, da layin iyayensu.

Laraba, 17 ga Satumba, da yamma

Bai buɗe ba.

Alhamis, 18 ga Satumba, bayan La'asar

Na je wurin Kamalu mai gyaran waya a bakin tasha, wai zan sayi igiyar caji. Tare muka yi makaranta, shi ne kullum na bayan aji. Na ce mashi wani kwastoma ne imel ɗinshi ya kulle.

"Wane kwastoma?"

"Ba ka san shi ba. Ɗan Bauranya ne."

"Ɗan Bauranya mai imel! Allah Ya kawo mu zamani." Bai ɗago daga wayar da yake kwancewa ba. "To ka tambayi ɗan Bauranyar, wa ya karanta ma lambobi shida a waya?"

Na ce bai karanta ma kowa komai ba.

"Injiniya, imel ba ya tashi ya tafi da ƙafarshi. Ko an turo mashi linki ya zuba lambar sirrinshi a shafin bogi, ko an kira shi ya karanto lambobin da suka shigo. Galibi ma duka biyun. Ai kai ka rubuta mana a allo bara, har da jan alli."

Na ce na sani.

"To gaishe da ɗan Bauranya. Ka ce mashi ya je ya canza lambar sirrin duk wani abu da ya haɗa da imel ɗin, yau ba gobe ba. Kuma igiyar nan da ka riƙe ba ta wayarka ba ce."

Na saye ta duk da haka.

Juma'a, 19 ga Satumba, kafin masallaci

Matata Kubura ta tambaye ni ko ta kai farar shaddata guga, tunda taron Katsina ranar Laraba ne. Na ce an ɗaga taron. Ta ce zuwa yaushe? Na ce za su kira.

Na canza lambar sirrin WhatsApp da ta banki, kowace daban, na sa matakin tsaro na biyu. Minti goma ya ɗauke ni. Minti goma kacal.

Asabar, 20 ga Satumba, ƙarfe 11:15 na safe

Yaya Zuliha ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa, daga ji bayan ɗaki ta zagaya.

Jiya wani mutum ya kira wayar mijinta, Malam Ɗalha. Ya ce a ba shi Halimatu Sa'adiya. Ya faɗi cikakken sunanta, da ranar haihuwarta, ya ce hotonta na gabanshi, mai shuɗin hijabi. Ya ce shi zai gyara mata maganar makaranta in aka yi yadda ya ce. Malam bai bari ya ƙarasa ba ya kashe.

Malam Ɗalha ba ya ihu, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ya kira Halimatu ya tambaye ta ina namiji baƙo ya samu hotonta. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce wata ukun da ta yi tana zuwa Kankia, abin da ta koyo ke nan. Ya ce in daga Mawashi zuwa Kankia an samu haka, Katsina sai yaya? Maganar makaranta ta mutu. Ya hana ta ko leƙa ƙofar gida.

"Sharafa, kai ka san kan abubuwan nan. Don Allah ina mutumin nan ya samu hotonta?"

Na ce, "Yaya, yaran yanzu sai addu'a."

Abin da na ce ke nan. Na rubuta shi yadda na faɗe shi.

Layin Malam Ɗalha ni na rubuta shi a fom, a gurbin uba. Hoton ni na ɗauka, a jikin farin ƙyallen da ke bayan firinta. Har na ce ta gyara hijabin ya karkace.

Lahadi, 21 ga Satumba, da safe

Gobe zan je Mawashi.

Litinin, 22 ga Satumba, bayan Azahar

A allo: "Kada ka fizge filashi daga kwamfuta kai tsaye. Ka fara sallamarshi ta sikirin, sannan ka cire." Na yi niyyar rubuta wani abu daban, hannuna ya rubuta wannan.

Aiki ya yi yawa, shi ya sa ban je ba. Takardun jarrabawar wata firamare, shafi arba'in, kuma tawada ta kusa ƙarewa.

Alhaji Mamuda na Rimaye ya zo. Ɗanshi na cikin sha huɗun. Shi ma an kira shi, an faɗi sunan yaron da makarantar da ya nema, an ce ya tura kuɗin tabbatar da gurbi kafin Magariba ko a ba wani. Ya ce ma mai kiran bari ya je ya tambayi Injiniya.

Na zaunar da shi na yi mashi bayani. Duk wanda ya ce maka yanzu-yanzu, kada ka yi shawara da kowa, to ɗan damfara ne, don gaggawa ita ce jarinshi. Makaranta ba ta karɓar kuɗi ta asusun mutum. Sanin sunan ɗanka ba shaida ba ce. Ka kashe wayar ka nemi ofishin da kanka, ta layin da ke jikin takardarsu, ba wanda aka kira ka da shi ba. Na yi magana kamar a rediyo, har masu jiran hoto suka matso suna saurare.

Ya ce, "Allah Ya bar mana kai, Injiniya. Ni abin da ya ɗaure mani kai, ina suka samu sunan yaron?"

Na ce mutanen nan hanyoyinsu da yawa.

Da ya tafi na shiga bayan firinta na zauna a ƙasa. Ban san minti nawa na yi ba.

Talata, 23 ga Satumba, da hantsi

Na cika fom ɗin neman dawo da imel karo na huɗu. Wace shekara ka buɗe, wace lambar sirri ka tuna ta ƙarshe. Duk na sani, duk na amsa daidai. Amsa ɗaya suke turowa: ba su iya tabbatar da cewa nawa ne ba. Shekara shida. Da na sa wani imel na biyu a matsayin madogara tun farko, da yanzu an wuce wurin. Na sha gaya ma mutane su sa.

Saura kwana goma.

Gobe zan je Mawashi.

Laraba, 24 ga Satumba, bayan La'asar

Yau ce ranar taron.

Na hau babur na kama hanyar Kusada, zan je Mawashi. Hadari ya haɗo ta gabas, na tsaya gindin wata tsamiya ina jiran ruwa ya sauko in samu dalili. Bai sauko ba. Na yi kusan awa ɗaya a wurin, wata Bafulatana mai tallar nono ta wuce ni, ta dawo ta same ni, ta tambaya ko babur ɗin ne ya lalace. Na ce eh. Na juyo gida.

Muryar mutumin da ya kira ni ran Asabar ɗin can ce ke dawo mani. Hausarshi tsaf, ta masu ofis, ba gaggawa a farko. Ya san allon ƙofata. Ya ce labarinshi ya kai har sama. Ya ce a duk ƙaramar hukuma mutum ɗaya suke ɗauka, kuma ba takarda suke dubawa ba, aiki suke dubawa. Shekara ashirin ina jiran wani ya faɗi wannan maganar.

Na gaji. Ba aikin da na yi yau amma na gaji.

Alhamis, 25 ga Satumba, bayan Magariba

Kubura ta ajiye mani tuwo ba ta tafi ba. Ta zauna bakin tabarma tana cire zaren zaninta.

"Baban Amatullah, na yi waya da Yaya Zuliha. Kwana shida yarinyar nan ba ta cin abin kirki. Ƙannenta ma an hana su zama kusa da ita."

Na ce Malam Ɗalha mutum ne mai tsauri.

"Ran Asabar ɗin can ina nan ina tankaɗe. Kana tsaye jikin randa. Na ji ka kana karanto lambobi ɗaya bayan ɗaya, har ka maimaita mashi don kada ya yi kuskure. Ka ce mashi na gode, ranka ya daɗe. Ka shigo ka ce in fito da farar shadda."

Na ce ba ta san abin da take faɗa ba, harkar kwamfuta ba tuƙin tuwo ba ce.

"Ban san kwamfuta ba. Amma na san ranar da ka daina cin abinci."

Na ce in maganar ta fita, wa zai sake kawo mani fom? Wa zai tsaya ya karanta allon? Kamalu kaɗai ya ishe ni, sai ya kai ni kabari da ita.

Ta ce, "To a bar ta a kan Halimatu ke nan, tunda ita ba ta da allo."

Ta ɗauki kwanon miya ta mayar a wuta, wai ya huce.

Juma'a, 26 ga Satumba, ƙarfe 10:00 na safe

Na kira ofishin makarantar, ta layin da ke jikin takardarsu. Wata mata ta ɗauka. Ta ce ana iya canza imel a fayil ɗin ɗaliba, amma sai ɗalibar ta zo da kanta, da mahaifinta ko waliyyinta, da ainihin takardunta, da takardar rantsuwa ta kotu daga mai imel ɗin, ya bayyana yadda ya fita hannunshi.

Na ce in an rubuta matsalar na'ura ce fa?

Ta ce, "Malam, rantsuwa ce. Ka rubuta abin da ya faru."

Na ce ba ni ba ne, wani ne.

Ta ce to wanin ya rubuta.

Asabar, 27 ga Satumba, da rana

Layin Yaya ya kira, na ɗauka na ce Yaya ina wuni. Halimatu ce.

"Kawu, Baba ya tafi gona, minti ɗaya Inna ta ba ni. Wallahi tallahi ban taɓa ba kowa hotona ba. Hoton shuɗin hijabin nan ko ni ba ni da shi. Kai kaɗai ka ɗauke shi."

Na ce na sani.

"Ka sani?"

Na ce eh.

Ina jin kaji a bayanta. Na zaci kuka za ta yi, da ya fi mani sauƙi.

"To Kawu ka faɗa ma Baba mana. Ko makarantar ba ta yiwu ba. Ya daina kallona haka kawai."

Kati ya ƙare, ko ita ta kashe, ban sani ba.

Lahadi, 28 ga Satumba

Ban buɗe shago ba.

Litinin, 29 ga Satumba, bayan Azahar

Na je kotu. Na yi fatan in samu baƙon ma'aikaci, sai ga Malam Babba a kan tebur, wanda ni nake buga mashi katin bikin 'ya'yanshi. Na miƙa mashi abin da na rubuto. Ya sa tabarau ya karanta a fili, don haka ƙa'ida take, ga mutum biyar a benci masu jiran takardar haihuwa.

Na kwafe shi nan, don in daina kewaye-kewaye ko a littafina:

"Ni Sharafaddeen, mai shagon kwamfuta a Kankia, ranar Asabar 13 ga Satumba wani da ban sani ba ya kira ni ya ce an zaɓe ni mai horar da matasa kwamfuta na ƙaramar hukuma, za a ba ni takardar girmamawa a Katsina. Ya turo mani linki, na buɗe ban duba adireshin ba, na sa imel ɗin shago da lambar sirri. Lambobi shida suka shigo wayata, a ƙarƙashinsu an rubuta kada a faɗa ma kowa. Na gani. Na karanta mashi. Duk abin da ya sani game da Halimatu Sa'adiya da sauran yara goma sha uku, daga imel ɗin ya samo. Babu laifin ko ɗaya daga cikinsu."

Malam Babba ya sauke tabarau ya ce, "Kai Injiniya? Kai da kanka?"

Na ce ni da kaina.

Wani tsoho a benci ya ce, "Allah Ya kyauta. Ni ma sun taɓa kira na, sai dai ni ban iya karanta lamba ba." Aka yi dariya. Ni ma na yi, me zan yi?

Daga nan na wuce wurin Kamalu na ajiye takardar a kan teburinshi. Ya karanta har ƙarshe. Na tsaya ina jira.

Ya ce, "Ashe ɗan Bauranya ya iya rubutu." Sai ya jawo mani kujera. "Kawo layukan iyayen, kai bakwai ni shida. Me za mu ce masu?"

Na ce mu ce masu kada su saurari duk wanda ya kira da sunan makaranta, kuma kowane yaro ya zo jibi a buɗe mashi imel nashi na kanshi, ya rubuta lambar sirrin a takarda ya kai gida ya adana, ni ma kada ya nuna mani. Mu kuma faɗa masu dalili.

Alhaji Mamuda na cikin bakwai ɗina. Da na gama ya ce, "To." Bai ce Injiniya ba.

Talata, 30 ga Satumba, bayan La'asar

Na je Mawashi.

Ban same shi a gida ba, yana gona suna yankan gero, shi da 'yan ƙwadago huɗu. Na so mu keɓe. Ya ce in faɗi abin da ke tafe da ni, hannunshi na aiki kunnenshi na ji. Na miƙa mashi takardar kotu, ya juya ta ya miƙo mani. Ya ce na manta shi boko bai yi ba?

Duk hanya ina tunanin takardar za ta yi magana a madadina.

Na faɗa da baki. Tun daga kiran har zuwa hoton. Masu ƙwadago suka daina yanka, sai ya ce masu ba hira aka kira su ba, suka ci gaba, amma a hankali.

Ya ɗaure damin da ke gabanshi tukuna, ya taka shi da gwiwa ya ja igiya, sannan ya miƙe.

"Yaushe ka sani?"

Na ce tun ranar da Yaya ta kira ni.

"Ran Asabar ta sama."

Na ce eh.

Ya ƙirga da yatsu, a gabana. "Kwana goma. Kwana goma ina shiga gidana ina kawar da kai daga ɗiyata. Ta gaishe ni in ƙi amsawa. Ta rantse mani da Allah na ce ƙarya take." Ya kalli lauje a hannunshi kamar bai san na waye ba. "Wanda ya cuce ka ban san shi ba, Sharafa, ba ni da magana da shi. Kai kau na san ka tun kana yawo ba wando."

Na ce ya yafe mani.

Ya ce ba shi zan fara roƙo ba.

Na ce ranar Juma'a sha biyu ake rufewa, kuma sai da shi.

Ya ce ya ji. In tafi rana na yi, ga aiki a gabanshi.

Na biya ta gidan. Yaya ba ta fito ba, ta ce tana salla, ba lokacin salla ba ne. Halimatu ta kawo mani ruwa a kofin silba ta durƙusa. Na faɗa mata abin da na zo faɗa, ban iya kallonta ba, randa na kalla. Ta ce, "Ba komai Kawu." Ta jira na sha ta ɗauki kofin.

Laraba, 1 ga Oktoba, da yamma

Hutu. Yara tara sun zo, na buɗe ma kowa nashi. Biyu iyayensu sun kai su wani shago. Ba kira daga Mawashi.

Alhamis, 2 ga Oktoba, ƙarfe 1:00 na rana

Ba kira.

Alhamis, bayan La'asar

Yaya ta kira. Ba gaisuwa. "Ƙarfe bakwai a tasha. Ka zo da takardarka." Ta kashe.

Juma'a, 3 ga Oktoba, bayan Magariba

Malam Ɗalha ya zo da babbar rigarshi ta Salla. Ya zauna gaba kusa da direba, ni da Halimatu a baya da wata mata mai kaji. Daga Kankia har Katsina bai juyo ba, sai sau ɗaya da ya miƙo ma Halimatu ƙosai a takarda. Ita kaɗai.

Layi muka tarar har waje. Sha ɗaya da minti ashirin muka shiga. Matar da na yi waya da ita ce, na gane muryar. Ta karanta takardar kotun, ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Ashe wanin ya zo da kanshi." Ta duba takardun Halimatu, ta sa Malam ya dangwala yatsa.

"Wane imel za a sa yanzu?"

Na buɗe baki. Na riga na buɗe ma shago sabo, yana bakina.

Halimatu ta ce, "Ina da nawa." Ta faɗe shi harafi-harafi. A wayar Yaya ta buɗe shi jiya, ita kaɗai. Matar ta tura saƙon ta juyo mata da kibod. Halimatu ta kare da hannun hagu ta buga lambar sirrinta da na dama. Na kalli silin. Sha biyu saura kwata firinta ta fito da takardar, Malam ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe ta a kife, ba wanda ya gyara mashi.

Mun yi Juma'a a wani masallaci kusa da makarantar. Da aka sallame muna neman takalma a cikin cunkoso, sai ya yi mani magana, karo na farko tun safe.

"Mutumin nan da ya kira ni. Har yanzu hotonta na wurinshi?"

Na ce yana wurinshi.

"Ba yadda za a yi a karɓo?"

Na so in ce zan duba, akwai hanyoyi. Na ce, "Babu, Malam."

Ya gyaɗa kai, ya sa takalminshi, ya nufi inda Halimatu ke jiranmu a inuwa. Na tsaya neman ɗayan nawa.